Hoton Madu

Gumsu ta iso shagon Sa'id da ke Limanti wajen ƙarfe ɗaya na rana, riƙe da hoto naɗe cikin leda. Hoton mijinta ne, Madu, wanda rabonta da shi tun ranar da 'yan bindiga suka shiga Konduga, wata bakwai ke nan, kowa ya gudu ta inda ya samu hanya. Wasu ma'aikatan agaji sun zo makarantar firamaren da aka sauke su, suna rubuta sunayen waɗanda suka ɓace, sun ce kowa ya kawo hoton nasa su tafi da shi. Ƙarfe huɗu za su tashi, kuma ba su faɗi ranar dawowa ba. Gumsu ba ta da wani hoton Madu sai wannan. Kwafi take so ta ba su, ta riƙe nata.

Sa'id ya ce mata aikin minti biyar ne, ta zauna a benci.

Kwamfuta ɗaya gare shi, da tsohuwar firinta mai ɗaukar hoton takarda ta kuma buga. Maɓallin kwafinta ya daɗe da mutuwa, sai ta cikin kwamfuta take aiki. Abin da ke sa kwamfuta ta gane firinta wata ƙaramar manhaja ce da masu sana'ar ke kira direba. Da can Sa'id da hannunsa yake sabunta irin waɗannan, ɗaya bayan ɗaya, ranar da ya ga ba mutane. Bara ya gaji, ya saka wata manhaja mai yin aikin da kanta: da ta ji intanet sai ta nemo sababbin direbobi ta ɗora, ba ta tambayar kowa. Shi yana kiran wannan ci gaba. Lalaci ne. Wanda ya tsara manhajar a garin da wuta ba ta ɗaukewa yake zaune, Sa'id kuwa ya san a inda yake zaune.

Layin shagunan nan da injin wutar Haruna tela suke aiki. Haruna yana da ƙa'ida ɗaya: da ladan ya buɗe baki yake kashe inji, ko wa ke aiki, ko me ake yi, ba ya kunnawa sai an dawo daga masallaci. Kowa ya sani. Sa'id kan rufe kwamfutarsa kafin lokacin ya yi.

Kwana huɗu babu intanet a unguwar. Ranar nan ya dawo, Sa'id bai lura ba, manhajar ta lura. Yana ɗora hoton Madu a kan gilashin firinta sai ya ga rubutu a allo: ana sabunta direban firinta, kada a kashe kwamfuta. An ci fiye da rabi. Yana cikin kallon layin da ke nuna inda aikin ya kai yana jan ciki aka kira azahar.

Ya fita da gudu wajen Haruna ba takalmi. Kafin ya kai, ƙarar inji ta mutu.

"Minti uku nake nema, Haruna. Minti uku kawai."

Haruna yana naɗe hannun riga, buta a gabansa. "Malam Sa'id, shekara biyu ina kashe injin nan da kiran sallah. Yau ka sauka garin?"

"Aiki na katse."

"To ka je ka faɗa wa ladan ya jira kwamfutarka."

Suka tafi masallaci tare. Gumsu ta yi tata sallar a bayan shago.

Biyu da rabi aka kunna inji. Kwamfuta ta tashi lafiya, amma ta ce ba ta san wata firinta ba. An cire tsohon direba, sabon bai gama shiga ba. Sa'id ya nemi faifan da firintar ta zo da shi, ya tuna ya ba Ishmael, magatakardan wani coci a Ajilari, aro tun kafin azumi. Ya kira shi, waya ba ta shiga. Ya ce bari ya sauko da direban daga intanet, intanet ɗin ya sake ɗaukewa. Ya cire waya ya mayar, ya kashe ya kunna, ya yi duk abin da mutum ke yi idan ya san ba zai yi amfani ba.

Gumsu ba ta yi ƙorafi ba. Sau ɗaya ta tambaya ko akwai wani shagon. Akwai, amma biyun da ke kusa masu su sun bar gari, na cikin kasuwa kuma akwai shingen sojoji uku kafin a kai, ga shi ƙarfe uku ta wuce.

"Ya Gumsu," in ji Sa'id, "ki yi haƙuri. Laifina ne."

"Ɗana, ni ban san laifin kowa ba. Ba ni hoton."

Kafin ya miƙa mata, ya ɗora hoton a kan tebur ya ɗauka da wayarsa. Gilashin kyamarar a tsage yake, hasken shagon kuma ba shi da kirki. Ya ɗauka sau uku. Ta karɓi hotonta, ta goge shi da bakin mayafi, ta tafi. Haruna ya leƙo daga shagonsa, ya bi ta da kallo, ya koma kan kekensa.

Ta kai wa ma'aikatan ainihin hoton ana saura kwata su tashi. Suka rubuta suna da gari a baya, suka saka shi cikin jaka tare da na wasu.

Washegari Sa'id ya taka har Ajilari ya karɓo faifansa. Ya goge manhajar nan daga kwamfuta, ya ɗora tsohon direba, firinta ta kama aiki kamar ba abin da ya faru. Ya buga wanda ya fi kyau cikin hotuna ukun, ya kai makarantar da kansa. Ya samu Gumsu a bakin aji tana tsince wake.

Fuskar ba ta fito ba. Inuwa ce kawai ta mutum a tsaye, da wani farin layi ya ratsa ta inda idanu suke. Gumsu ta kawo takardar kusa da fuskarta, ta nisanta ta, ta sake kawowa. Ta daɗe a haka.

"Hular tasa ce," ta ce.

Ta naɗe takardar cikin ledar jiya, ta ɗaure a bakin zane, ta ci gaba da tsintar wakenta.