Koriyar Lamba

Mai Moussa ya tokare Marsandin Hajiya Saadatou a ƙofar wani shagon turare da ke unguwa ta sha shida ta birnin Paris, ƙafafun gaba bisa dakalin masu tafiya ƙasa, gindin motar ya cinye rabin titi, daidai ƙarƙashin allon hana tsayawa. Ɗan sandan da ke sintiri a wurin ya tako a hankali, ya dubi koriyar lambar nan ta manyan ma'aikatan ƙasashen waje, ya taɓa hularsa. Mai Moussa ya fito kamar yadda ya saba tun yana jan motar haya tsakanin Zinder da Magaria, ya tari mutumin da gaisuwa, ya tambaye shi aiki da sanyi da iyali. Ɗan sandan ya yi dariya, ya ce Madame ta yi sayayyarta a tsanake, shi zai riƙa karkatar da motoci.

Shekara da shekaru yana tuƙa Hajiya, babbar ma'aikaciya a wata ƙungiyar duniya, kuma haka ya san 'yan sandan Faransa, mutane masu ladabi in ka iya gaisuwa. Ba wai ba ya gani ba ne. A unguwar Goutte d'Or inda yake haya, kowace Juma'a sai an ja motocin masallata, a jera samari fuska a bango ana lalube su. Sai dai shi yakan taɓe baki ya ce rashin iya magana ne ya jawo musu. Shi ya sa da ƙanensa Ilya ya samu aikin kai wa wani mahauci nama a Lyon, ya zaunar da shi ya yi masa huɗuba.

"In sun tsayar da kai, kada ka hakimce a mota. Ka fita ka same su, ka gaishe su, ka sunkuyar da kai, ka miƙa takardunka tun ba su tambaya ba."

Da yammacin ranar nan ta shagon turare, yana shiga ɗaki wayar ta yi ƙara. Rakiya ce, matar Ilya, ko gaisuwar ba ta ƙarasa ba kuka ya ci ƙarfinta. An tsayar da Ilya a shataletalen shiga Rillieux-la-Pape, unguwar dogayen benayen da suke zaune, saboda fitila ɗaya ta baya da ta mutu. Daga masallaci yake, da doguwar riga. Ya yi duk abin da yayansa ya ce. Ya buɗe ƙofa, ya nufe su kai a ƙasa, ya tura hannu cikin aljihun gefe don ya ciro takardu. Hannun bai fito ba suka kai shi ƙasa.

* * *

Sai da sanyi ya wuce Allah ya kawo dalili: an gayyaci Hajiya wani taro a jami'ar Villeurbanne da ke gefen Lyon, kuma ita ba ta son jirgin ƙasa. Mai Moussa ya sauke ta da hantsi, ta ce ya dawo da la'asar. Ko ruwa bai tsaya sha ba ya hau tudun Rillieux.

Ya tarar da Ilya zaune a gaban kwanon shinkafa yana kokawa da cokali da hannun hagu. Na daman yana rataye a gefensa, ya tsotse, yatsun sun lanƙwashe ciki. An ɗora kafaɗar da gwiwar hannun, amma likita ya ce jijiyar ta tafi ke nan. Hannun da ke sa giyar mota ne, don haka mahauci ya ba wani motar. Alƙali kuma ya saurari 'yan sanda, ya ce Ilya ne ya yi yunƙurin kai musu hari, ya yi masa ɗaurin talala. Kai, duniya! Wanda ya fita gaisuwa shi ne ɗan ta'adda.

Ilya bai yi ƙorafi ba, sai ƙaddara yake ta kira. Rakiya ce ba ta da wannan haƙurin. Ta ja labulen taga ta nuna masa shataletalen can ƙasa, inda farar motar 'yan sanda take fake. Ta ce kullum suna nan, kuma wanda ya ɗora gwiwa a bayan mijinta ya murɗe hannun har ya ce ƙas, ga shi can, mai jan gashin baki, yana hura hayaƙin taba. Kullum ta je sayen burodi sai ta wuce ta gabansa.

"Yaya, kai ka ce ya fita ya gaishe su," ta faɗa ba tare da ta ɗaga murya ba.

Maganar ta soke shi, don gaskiya ce. Zuciyarsa ta yi baƙi ƙirin. Ya daɗe yana kallon mutumin nan, yana jin ƙiyayyar da bai taɓa yi wa wani ɗan Adam ba, sannan ya yi ƙwafa.

"Wallahi sai na tuɓe masa kakin nan."

Ya san hanyar. Ya taɓa gani da idonsa, wani sabon ɗan sanda a Paris ya yi gigin buɗe ƙofar motar nan ya kama hannun baƙon Hajiya. Waya ɗaya ta buga, aka nemi yaron aka rasa a unguwar. To, abin da yake so ke nan: mai jan gashin baki ya sa hannu cikin mota mai koriyar lamba, ya taɓa wanda ke ciki, a gaban mutane. In ya so Hajiya ta kore shi daga aiki daga baya, ya yarda.

Ya sauka ya ɗauko babbar rigar shadda da Hajiya ta karɓo wa maigidanta daga wanki, tana nan a bayan mota cikin ledarta. Suka zura wa Ilya ita, shi yana ta cewa a bar wa Allah, Rakiya tana kafa masa hula. Faɗin hannun rigar ya rufe mataccen hannun ruf.

* * *

Mai Moussa ya shigo shataletalen a guje, ya keta jar wuta, ya zagaya ta hannun da ba a bi, wata bas ta ci burki har fasinjoji suka kifa. Ya hau dakali, ya tsaya, saura ƙiris ya goge farar motar, ya danna oda ya ƙi saki. Matan da ke dawowa daga kasuwa suka tsaya da kwandunansu. Samari suka leƙo ta tagogi.

Mai jan gashin baki ya yar da taba ya taho, hannu bisa kulki, fuska kamar an aiko masa da mutuwa. Mai Moussa ya ji daɗi har cikin ransa. Ya buɗe ƙofa ya fita, ya nufe shi kai a ƙasa, ya tura hannu cikin aljihu, sak yadda ƙanensa ya yi.

Idon mutumin ya sauka kan lambar. Nan take kafaɗunsa suka saki, hannun ya bar kulki ya hau goshi. Ya tambaya cikin taushin murya ko ɓatan hanya suka yi, don wannan unguwa ba ta dace da manyan baƙi ba.

Mai Moussa ya ji kamar ya shaƙe shi. Ya ciro takardun, ya yi kamar zai miƙa, ya sake su da gangan a kan kwalta, daidai ƙofar baya. Ya tsaya ƙiƙam yana kallonsa ido cikin ido, yana jira ya harzuƙa. Ina! Ƙato ya durƙusa da gwiwa ɗaya, ya tsince su ɗaya bayan ɗaya, har da karkaɗe musu ƙura. Mai Moussa ya fizge ƙofar baya ta buɗe, ga Ilya a zaune cikin shadda, tsakanin fuskarsa da ta mutumin bai kai kamu ɗaya ba.

"Dube shi da kyau," in ji Mai Moussa da Faransanci. "Ka san shi?"

Ɗan sandan ya duba, kuma tsakani da Allah ya duba da kyau. Ya yi murmushi.

"Ban taɓa samun wannan alfarmar ba. Barka da zuwa Lyon, ranka ya daɗe."

Ba ƙarya yake yi ba, abin da ya fi ƙona wa Mai Moussa rai ke nan. Mutumin bai gane fuskar da ya goga a kwaltar nan ba. Ya rufe musu ƙofar a hankali, ya shiga tsakiyar titi ya ɗaga hannu, ya tsayar da bas da motocin talakawa duka, ya buɗe wa Marsandi hanya.

* * *

Mai Moussa ya zagaya bayan makarantar unguwar ya tsaya. La'asar ta gabato, Hajiya ba ta jira. Ya taimaki Ilya ya cire rigar, ya ninke ta ya mayar cikin leda. Ilya ya koma cikin tsohon jakitinsa mai ɓallallen zif. Ya ce kada yayansa ya makara, gidan ba nisa, zai taka.

"Ka gaida Hajiya, Yaya. Allah ya kiyaye hanya."

Mai Moussa ya ja motar a hankali. A bakin titin wuta ta yi ja, wannan karon ya tsaya. Ya ɗaga ido ga madubi. Farar motar ta biyo kwanar makarantar tana tafe kamar mai kiwo, ta rage gudu daidai inda Ilya yake tafiya a gefen katanga. Ƙofa ta buɗe, jan gashin baki ya fara fitowa.

Wuta ta koma kore, na baya suka fara danna masa oda. Cikin madubin, Ilya ya juya ya fuskanci bango tun ba a ce masa ba. Ya ɗaga hannun hagu sama. Na daman yana ta ƙoƙarin ɗaga shi, ya ƙi tashi.