Gam a Ƙafar Maigadi

Ya matso gam daga baƙin bututun a kan murfin gwangwani, ya matso na farin kusa da shi, sannan ya sa tsinken ashana ya shiga juyawa. Nan da nan wari ya cika ɗakin, har matarsa ta tashi ta ɗage labule.

Ƙafar robar tana kwance a kan cinyarsa. Shekara tara ke nan yana takawa da ita, tun bayan da aka yanke masa ta hagu daga ƙasan gwiwa. Jiya da yamma, yana saukowa daga bas, ya ji ta ce ƙas. Da ya iso gida ya cire ta, sai ya ga kofin da dungulmin yake zama a ciki ya tsage daga baki zuwa ƙasa, tsawon ɗan yatsa. Mai shagon kayan gini ya riga ya rufe, sai da safen nan matar ta je ta tsaya masa a ƙofa har ya buɗe.

"Malam, mai shagon fa ya ce sai ya kwana ya wuni kafin a ɗora masa nauyi," in ji ta.

"Takardar gam ɗin ta ce minti biyar."

"Minti biyar ya kama. Ƙarfin kuma sai gobe. Haka ya ce min, har sau biyu."

"To ki je ki faɗa wa kamfani su jira gobe."

Shi ma bai so yadda maganar ta fita ba, amma bai gyara ba. Ya buɗa tsaguwar da bakin wuƙa, ya dinga cusa gam ɗin a ciki a hankali, ya shafe ciki da waje. Ta miƙo masa tsumman da ta yago daga tsohon zaninta, ya naɗe wurin, ya ƙara shafa gam a kai, ya ɗaure da robar tayar keke. Da irin gam ɗin nan ya gyara hannun tukunya, da ƙafar kujera, da bokitin wanka, kuma duk suna nan suna aiki. Sai dai babu ɗayansu da yake ɗaukar mutum.

Yau ne sabon kamfanin tsaro zai karɓi gadin ma'ajiyar kayan da yake aiki. An ce kowane maigadi ya hallara ƙarfe goma cikin kayan aiki, za a duba su, a ɗauki na ɗauka. Tsohon manajan da ya ɗauke shi ya san da ƙafar, ya ce ba komai, tunda buɗe ƙofa da rubuta lambar mota ba tsere ba ne. Manajan ya yi ritaya bara. Cikin waɗanda suka rage, abokin aikinsa Dogo ne kaɗai ya sani. Sauran sun ɗauka ɗingishi ne na tsohon targaɗe.

"Ko asibiti za ka fara biyawa?" ta tambaya.

"Wancan karon da madaurin ya tsinke, wata nawa suka ba ni?"

"Bakwai."

"To."

Ƙarfe takwas da rabi ya danna gam ɗin da farce. Ya yi tauri a sama, amma farcen ya bar ɗan shaida. Ya kwance robar tayar, ya sa safa biyu a dungulmin, ya zura shi a kofin, ya ja madauri. Ya sa wandon aiki da takalman kamfani masu nauyi, ya dafa kafaɗarta ya miƙe. Ya yi taku ɗaya, ya yi na biyu. Su duka biyun suka kasa kunne. Ba abin da ya yi ƙara.

"Allah ya rufa asiri," ta ce.

"Amin."

A bas bai sami kujera ba. Ya riƙe ƙarfen sama da hannu biyu, ya mayar da nauyinsa duka kan ƙafar dama, har ta fara rawa. Duk ramin da direba ya faɗa, sai ya ji zuciyarsa ta faɗa tare da motar. A cikin kofin kuma akwai wani tudu da gam ya yi, wanda bai samu ya goge ba, yana gugar ƙashin ta cikin safa. Da farko kamar tsakuwa a takalmi. Kafin su kai rabin hanya ya zama kamar ƙusa.

Ya tarar da su Dogo a filin da manyan motoci ke juyawa, su goma sha huɗu, kowa ya goge takalmi. Dogo ya matso kusa da shi, ya shinshina.

"Baba, yau wane irin turare ka fesa? Kamar shagon kafinta."

"Rufa min asiri. Ta tsage jiya."

Dariyar ta bar fuskar Dogo. Ya dubi wandon, ya dubi 'yan sabon kamfanin da ke shirya tebur a inuwa.

"Ka tsaya a bayana. In an ce a juya, ka juya ta dama."

Jami'in da ya zo duba su bai wuce sa'an babban ɗansa ba. Yana da tsabta, yana da ladabi, yana riƙe da fayil. Ya ce su yi layi. Suka yi. Ya ce su ƙame. Suka ƙame a rana, shi kuma ya koma ya amsa waya. Wayar ta ɗauki lokaci. Gumi ya gangaro wa maigadin ta baya, ya shiga cikin safa, inda fatar ta riga ta sale. Ya kafa ido a kan wata ƙusa da ke jikin bango, yana ƙirga numfashinsa. Da ya kai ɗari sai ya sake daga farko.

Da jami'in ya dawo, ya ce kowa ya taka zuwa bakin ƙofa ya dawo, ɗaya bayan ɗaya, da ɗan sauri. Tsakanin layin da ƙofar bai fi taku arba'in ba. Maigadin ya san kowane tudu da kwari na filin nan, ya san inda siminti ya fashe. Da aka zo kansa, ya ciji leɓe ya fita. Ya taka kamar yadda bai taɓa takawa ba cikin shekara tara, kafaɗa a miƙe, hannuwa suna kaɗawa. A kowane taku yana jiran ya ji ƙas. Ya taɓa ƙofa, ya juya ta dama, ya dawo. Da ya shiga layi, idonsa yana ganin duhu-duhu, ya ji Dogo ya ce ƙasa-ƙasa, "Kai, tsoho, ashe soja ne kai."

Wani abu ya motsa a ƙirjinsa wanda ya daɗe bai ji ba. Har ya fara tunanin yadda zai ba ta labari.

Jami'in ya buɗe fayil, ya zaro takarda bugaggiya.

"Na gode muku, iyayena da yayyena. Tsarin kamfaninmu shi ne ba ma ɗaukar wanda ya haura shekara hamsin. Ba daga ni ba ne. Wanda ya ji sunansa, ya biya ta sito ya ajiye kayan aiki."

Sunaye biyar ya karanta. Nasa ne na biyu.

Wani daga cikin biyar ɗin ya ɗaga murya. "To in haka ne, me ya sa kuka shanya mu a rana? Ai shekarunmu suna cikin fayil tun jiya."

"Ka'ida ce a duba kowa, Baba," in ji jami'in, bai ɗago kai ba.

A sito akwai benci da wani ma'aikaci mai littafi. Hula, riga, bel, tocila, usur, takalmi. Maigadin ya ajiye hula da bel da usur da tocila. Ya cire rigar ya ninke ta, ya saura daga shi sai farar singileti da ta sha wanki. Wandon nasa ne, shi ya ɗinka da na kamfani ya mutu. Ya zauna ya cire takalmin dama. Sannan ya tsaya.

"Ɗayan fa?" in ji mai littafin.

Takalmin hagu ba ya fita sai an cire ƙafar, a riƙe ta da hannu biyu a murɗa. Ya duba, sauran huɗun suna tsaye, jami'in ma ya shigo yana sa hannu a wata takarda. Ya naɗe wandon zuwa gwiwa. Tsumman zanin ya bayyana, ya daskare da gam, furannin jikinsa suna ƙyalli kamar an zuba musu gilashi. A saman kofin, safar ta jiƙe da jini.

Wanda ya yi faɗa ɗazu ya ce, "Inna lillahi. Shekara nawa muna tare?"

Jami'in ya dubi ƙafar, ya dubi ƙofar da mutumin ya taka ya dawo. Sai ya juya ga mai littafin.

"Rubuta an karɓa. Baba, mayar da ɗayan, ka tafi da su."

"Na kamfani ne."

"Ka tafi da su, don Allah."

Ya mayar da takalmin dama, ya ɗaure igiya. Dogo ya biyo shi har titi da wata tsohuwar riga da yake ajiyewa a ɗakin gadi, ya sa masa. Hannuwanta sun wuce yatsunsa. Dogo ya ce zai tambaya masa a gidan man da ke gaba, ko suna neman mai gadi. Su biyun sun san gidan man yaran unguwa yake ɗauka, amma maigadin ya ce, "Na gode, ƙanena."

Rana ta take tsaka lokacin da ya shiga gida. Matarsa tana tsugune tana wanki a bakin famfo. Ta ji takunsa tun daga zaure, ta miƙe da kumfa a hannu, idonta a kan ƙafar.

"Ya riƙe?"

"Ya riƙe."

"Alhamdulillahi! Ni tun da ka fita ban..."

Sai idonta ya hau sama, ya sauka a kan rigar da ba ta taɓa wankewa ba. Ta dubi kansa babu hula. Ta dubi rana, ta ga ba lokacin dawowarsa ba ne. Ta goge hannuwanta a zani a hankali.

Ya shiga ɗaki ya zauna a bakin gado, ya kwance madaurin. Safar ta manne da ciwon. Ta kawo ruwan ɗumi a kwano, ta durƙusa a gabansa, ta dinga jiƙa ta kaɗan-kaɗan tana ɓamɓarewa. Ruwan ya yi ja, ta zubar, ta kawo wani. Da ta gama ta naɗe wurin da ƙyalle mai tsabta, ta jingina ƙafar robar a bango, da takalminta a jiki.

Ta ɗauki kwanon, ta kai bakin ƙofa, ta tsaya.

"Gobe ƙarfe nawa zan tashe ka?"

Ya dubi ƙafar da ke jingine a bango.

"Kamar kullum," ya ce.