Hular Malam Kaumi

"Daina hura masa iska, Ya Kaka, ba garwashi ba ne!" na ce wa matar Malam Kaumi.

Ta miƙo mini ɗan katin kyamarar, duk ya yi fari-fari da sabulu. A aljihun rigar mijinta ta tsince shi, bayan ta wanke kayansa za a rabar sadaka.

Malam Kaumi mai hoto maƙwabcina ne a Babura, katanga ce ta raba mu. Ran Talata ya dawo daga ɗaukar hotunan wani suna, ya zauna a dakali ya ce kansa na sarawa. Kafin la'asar mun kai shi makwancinsa. 'Yarsa Sa'adiyya da ke aure a Damagaram sai washegari ta iso, ta tarar da tabarmin zaman makoki. Shekara uku rabonta da ganin fuskarsa.

"Kawu Yakubu, an ce kai ka ɗauke shi hoto," ta ce.

Ni ne kuwa. Mutumin da ya shekara talatin yana ɗaukar fuskokin garin nan, ba shi da hoto ko ɗaya in ba na katin zaɓe ba, shi ma ya goge. Sati guda kafin rasuwarsa ya zo shagona na gyaran waya, ya sa sabuwar hula, ya miƙo mini kyamarar.

"Ɗauke ni ka tura wa yarinyar nan, ta ishe ni."

Na ɗauka. Ya ce in tura. Na ce gobe, Malam, aiki ya yi mini yawa. Wane aiki? Ƙwallo nake kallo a waya. Wallahi har yau in na tuna sai in ji na tsani kaina.

Kwana biyu katin ya yi a cikin shinkafa yana bushewa kafin kwamfuta ta yarda ta gan shi. Hotuna suka fara fitowa: amare, jarirai, raguna, ɗaliban sauka. Kafin azahar labari ya zaga, shago ya cika maƙil.

"Yakubu, na sunan ɗana ya fito?"

"Duba mini na bikinmu mana!"

Ko mutum ɗaya bai ce Allah ya jiƙansa ba. Na kore su, na ja ƙofa, daga ni sai Sa'adiyya.

Nasa ne na ɗari biyu da sha ɗaya. Ya fara buɗewa daga sama: bangon shagona, hular, goshinsa da tabon sallah, gira. Daga nan har ƙasa toka-toka, kamar an shafe da siminti. Na sake gwadawa sau bakwai. A nan yake tsayawa.

"Sauran fa, Kawu?"

"Babu, Sa'adiyya. Laifina ne."

Da ma zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi. Ta matso kusa da kwamfutar.

"Ni na aiko masa da hular nan. Ashe ta yi masa daidai."

Ta sa bakin mayafinta tana goge gilashin a hankali, daidai inda tokar ta fara.