Gangar Ilu Ba Ta San Iyaka Ba

A wani ƙauye da ke gefen Rawayau, kan hanyar da fatake ke bi daga Kurfi zuwa Dutsin-Ma, an yi wani mutum ana ce masa Sabitu Sarkin Gayya. Ba hakimi ne ya naɗa shi ba, ba kuma Nasara ba, waɗanda a lokacin ba su fi shekara goma sha ɗaya da cin Katsina ba. Mutanen gari ne suka ga duk inda aikin taimako ya taso shi ne a gaba, sai suka laƙaba masa sunan. Shi kuwa ya riƙe shi hannu bibbiyu, in ka kira shi Sabitu gatsal ma sai ya yi kamar bai ji ba.

'Yan gayyarsa sun kai mutum arba'in, da samari da magidanta. In iska ta yaye jinkar tsohuwa, su ne. In rijiya ta rufta, su ne masu yasa. Wanda ciwo ya kwantar da damina su nome masa gona, wanda ya rasu su haƙa masa kabari. Ba a biyansu ko wuri ɗaya, illa abincin ranar, wanda al'ada ta ɗora wa mai aikin, ko da fura ce tsararo.

Allah ya yi Sabitu mai zuciyar kirki, sai dai ya haɗa masa da baki. Bai taɓa duba aikin wani ya ce ya yi ba. Ga shi da ƙa'ida kamar alƙali. Babbar dokarsa ita ce ba a taka gonar mutum sai ya buɗe baki a gaban jama'a ya ce yana gayya. Dokar tana da asali: wata shekara suka je baibaye ɗakin wani dattijo ba tare da ya nema ba, dattijon ya fito da sanda ya ce matsiyaci suka mai da shi. Tun ranar Sabitu ya ce wanda bai ce ba, ba ya so.

To, damina ta faɗi a shekarar da ta biyo bayan fari. Sabitu ya yi shuka da ruwan farko, gero ya tsiro gwanin sha'awa. Kwana goma bayan haka kurkunu ya fito masa a idon sawu. Ƙafa ta kumbura, wanzami ya yi sakiya, aka kama kan tsutsar aka naɗe a tsinke, kullum a murɗa kaɗan. Wanda ya san kurkunu ya san ba a yi masa gaggawa. Ɗansa Sada, wanda zai riƙe hauya a madadinsa, yana cikin samarin da dagaci ya tura aikin hanyar Nasara, ba ranar dawowa. Rumbu kuwa tun bazara Sabitu ya rarraba abin da ya rage ga waɗanda suka cinye irinsu. Shi da matarsa Yahanasu tafasa da kwaɗon rama suke ci, sai ɗan kunu jefi-jefi.

Ciyawa ba ta san Sarkin Gayya ba. Harƙiya da ƙarangiya suka taso suka rufe geron, har ya fara komawa ruwan ɗorawa. Duk manomi ya san in aka ƙara mako guda ba a yi noman farko ba, gonar ta tafi, abincin shekara ya tafi da ita.

Yahanasu ta je ta gano da idonta, ta dawo ta zauna bakin ƙofa.

"Malam, ka yi gayya mana."

"Gayyar mi?"

"Gayyar da ka shekara ashirin kana yi ma mutane."

"Uwar Sada, in na tara mutum arba'in, mi za ki dama masu? Ruwan rijiya?"

"Ka faɗa masu gaskiya."

Sabitu ya juya fuska bango. Wannan gaskiyar ce ba zai iya faɗa ba. Shi ne fa ya taɓa tsayar da wani magidanci a gaban jama'a don ya kawo wa 'yan gayya tuwo ba man shanu. Yau shi zai tsaya ya ce gidansa ba ko tsaba? Yana tsoron yunwa, wallahi yana tsoronta, amma kunya ta fi ta nauyi a ƙirjinsa.

Mahmuda, mataimakinsa, wani dogon mutum mai sanyin magana, ya zo dubiya har sau uku. Kowane zuwa sai ya kawo zancen gona ta bayan gida.

"Sarki, jiya na bi ta gonarka."

"Lafiya lau take."

"Ciyawar ta ɗan taso."

"Ciyawa ai ni'ima ce. Jibi in Allah ya so ina kan ƙafata."

Mahmuda ya dubi ƙafar, wadda ta kai turmin daka, ya ce Allah ya sawwaƙe, ya tashi.

Ran Juma'a bayan an sauko masallaci, labari ya iso wa Sabitu cewa Gogo ta yi gayya ran Lahadi. Gogo wata tsohuwar Bafilatana ce da mijinta ya rasu ya bar mata saniya biyu da 'yar gona, wadda ke maƙwabtaka da ta Sabitu, layin gamba ne kawai ya raba su. Aka ce ta nemi 'yan gayya kaf, har da ganga.

"Har da ganga?" in ji Sabitu. "Gonar Gogo da yaro ɗaya zai nome kafin hantsi? Tsufa ya fara taɓa matar nan."

Amma gayya gayya ce, an faɗa a gaban jama'a. Kuma ba a taɓa yin ta ba Sarki ba. Yahanasu ta yi magana har ta gaji. Ran Lahadi da sassafe aka aro jaki, aka ɗora shi, aka rataye ƙafar da tsumma a gefen akumari, ya kafa malafarsa. A hanya ya yi ta addu'a kada kowa ya dubi hagun gamba. Shi ma da suka isa bai duba ba.

Mutane sun hallara, kusan talatin, kowa da hauyarsa. Ilu makaɗi ya rataya gangar noma. Ilu ɗan tsurut ne, mai ido ƙanana, kuma yadda ake yi shi ne ya tsaya gaban manoma yana fuskantarsu, yana kiɗa yana ja da baya, su kuma suna bin sa a duƙe. Yana kaɗa taken kowa, wanda ya ji nasa sai ya yi kururuwa ya ƙara wuta. Muddin ganga na tashi ba mai ɗaga kai, ba mai miƙe baya, ko uwarsa ce ta kira shi. Wannan ma dokar Sabitu ce, ya kafa ta ne saboda ragwaye masu tsayawa gyaran bante.

Aka ɗaure jakin a gindin gawo. Sabitu ya ɗaga sanda, Ilu ya buga, hauyoyi suka sauka tare.

Ko tauna goro ɗaya ba a gama ba gonar Gogo ta ƙare. Sabitu yana shirin sauke sanda, sai ya ga Ilu bai tsaya ba. Ja da baya yake yi, yana kiɗa, har gamba ta shafi ƙaurinsa. Ya tsallake ta kamar babu ita. Layin manoma ya biyo shi, suka ratsa gambar, suka auka cikin harƙiyar Sabitu.

"Ilu, iyaka," in ji Sabitu.

Ilu ya ƙara ƙarfin kiɗa.

"Ilu, ka wuce gamba. Kai, Mahmuda, ku tsaya."

Wa zai tsaya? Kai talatin a ƙasa, ba wanda ya ɗago. Sabitu ya zunguri jaki, jaki yana ɗaure. Ya yi yunƙurin sauka, ƙafar ta tuna masa da kanta, ya koma ya zauna yana gumi. Ya kira su ɗaya bayan ɗaya da suna, har da sunan ubanninsu. Gogo na zaune kusa da shi a kan tabarma, ƙwaryar nono a gabanta, tana kore ƙuda da faifai.

"Gogo, ba ki ganin abin da suke yi?"

"Ni idona ba shi kai can, Sarki. Aiki na kyau?"

"Gonata suka shiga."

"Ashsha. To ka tsayar da su mana. Ba kai ne Sarki ba?"

Ya dube ta, ta dube shi, ta ci gaba da korar ƙuda. Nan ya gane shiri ne, kuma shi kaɗai ne a garin ba a gaya wa ba. Ransa ya ɓaci matuƙa. Amma idonsa ya ƙi barin gonar. Duk inda layin ya wuce sai ƙasa ta fito baƙa, geron ya tsaya shi kaɗai, siriri, yana kaɗawa. Kwana ashirin rabonsa da ganin shukarsa.

Rana ta take tsaka, layin ya kai wata tsamiya da ke daidai tsakiyar gonar. Sai Ilu ya yi wani bugu guda ya ɗauke hannu. Kowa ya miƙe yana riƙe da ƙugu. Ilu ya waiwaya dama da hagu, ya yi salati.

"Jama'a, wagga gonar wa ce?"

Suka taho gindin gawo gaba ɗaya, Mahmuda a gaba, hauya a kafaɗa.

"Sarki, mun yi kuskure. Ilu ya wuce iyaka, mu kuwa ka san ba mu ɗaga kai."

"Ka gafarce ni, Sarki," in ji Ilu. "Da baya nike tafiya, ga idon ya yi hazo. Gamba kore, gero kore."

"Idonka da ke hango goro a aljihun mutum daga Kurfi?"

Wani ya yi tari don kada dariya ta kuɓuce masa. Mahmuda dai fuskarsa ba ta motsa ba.

"Laifi ya riga ya auku," ya ce. "Mun taka gonar da ba a gayyace mu ba. Abin da aka nome ba shi maiduwa, amma ba za mu ƙara ko kunya ɗaya ba. Doka doka ce." Ya juya ga jama'a. "A sha nonon da Gogo ta kawo, kowa ya kama gabanshi."

Suka sha, ƙwarya na zagayawa. Aka miƙa wa Sabitu, ya girgiza kai. Sannan suka fara saɓa hauyoyi, suna yi wa Gogo sallama, suna kama hanyar gari biyu-biyu, uku-uku, kuma ba wanda ke sauri. Ilu ma ya tsaya ɗaure igiyar ganga kamar yau ya fara koyo.

Sabitu ya dubi gonar. Daga gamba zuwa tsamiya fes. Daga tsamiya zuwa can ƙarshe ciyawa ce har gwiwa, geron na ƙarƙashinta. Rabin gona ba zai kai shi da Yahanasu bazara ba, balle in Sada ya dawo a rame. Ya san haka, su ma sun sani. Ya buɗe baki, maganar ta maƙale. Ya tuna mutum nawa suka tsaya a gabansa a shekarun nan suna murza hula kafin su iya furta ta, shi kuwa yana ce musu su ɗaga murya bai ji ba. Ashe haka take da nauyi.

"Mahmuda."

Mahmuda ya tsaya. Duk suka tsaya.

"Ina gayya."

"Na'am, Sarki? Iska ta ɗauke maganar."

Sabitu ya harare shi, harara mai kyau. Sannan ya cire malafa ya riƙe a ƙirji, ya ɗaga murya yadda na can bakin hanya zai ji.

"Ni Sabitu ina gayya. Ina roƙon ku nome mani gonata. Amma ku ji da kyau, gidana babu ko tsabar da za a dama maku. Rumbu ya ƙare tun bazara. Ko ruwan gero ba ni da shi."

Sabitu ya sunkuyar da kai yana jira, kunya kamar ta kashe shi.

"Mun sani, Sarki," in ji Mahmuda a hankali. "Rabin mutanen nan geronka suka shuka bana. Mun san inda rumbun ya tafi."

Ya sauke hauya daga kafaɗa ya nufi tsamiya, sauran suka bi shi. Ilu ya wuce gaba, ya juyo, ya gyara ganga, amma bai buga ba. Mutum talatin suka duƙa, hauya a ƙasa, suna jira. Sai da Gogo ta taɓa shi da faifai sannan Sabitu ya gane shi ake jira.

Ya goge ido da bakin riga, ya ce gumi ne, ko da yake ba wanda ya tambaye shi. Sannan ya ɗaga sanda.