Yatsu Shida a Kwamfutar Darakta

Sau uku Yeom Da-bin tana gyara hannun jarumin da take zanawa, sau uku Darakta Bang yana buɗe fayil ɗin a kwamfutarsa ya tarar da yatsu shida. A na ukun ya fito tsakiyar ofis yana faɗa, ya ce ta rubuta takardar neman afuwa kafin azahar.

Pyo Eun-sil, mai kula da na'urorin kamfanin zane-zanen, ta ajiye kimbap, naɗin shinkafar da take ci, ta je ta zare biron daga hannun Da-bin.

"Yaya, ki bar ni in rubuta a wuce wurin," in ji Da-bin.

"Ko harafi ɗaya ba za ki rubuta ba."

Eun-sil ta san inda cutar take. Zanen kowa a babbar na'ura yake zaune, amma kowace kwamfuta tana ɓoye kwafin abin da ta taɓa ɗaukowa. In aka sauya fayil da suna iri ɗaya, wani lokaci sai ta ci gaba da nuna tsohon. Wata biyu ke nan da ta rubuta gyaran da zai sa kwamfuta ta riƙa tambayar babbar na'ura kafin ta yarda da kwafinta. Bang ya hana a saka, wai a kashe a kunna ya isa.

Ta ɗauki kwamfutar Da-bin ta dire kusa da tasa.

"Darakta, ƙirga yatsun nan."

"Ke, ni kike ba umarni?"

"Biyar ne a nan, shida a taka, kuma fayil ɗaya ne. Na'urarka ce ke maka ƙarya, ba yarinyar nan ba."

Ba ta jira izini ba. Ta ja kujerarsa ta zauna, ta saka gyaran, ta sake buɗe zanen. Yatsu biyar cif. Wani daga can bayan ofis ya kasa riƙe dariya, ya mai da ita tari.

Kunnuwan Bang suka yi jajir. "Kin san kin yi min rashin kunya a gaban ma'aikatana?"

"Na sani. Saura kwamfuta talatin da takwas, yau zan gama su."

Ya sake duba allon. Can ya ce, ba tare da ya dube ta ba, "Ki fara da ta masu fentin zane."