Kitson Tunu

Ɗan dutsen ado ja ya suɓuce daga jelar kitson Tunu, ya gangara ƙarƙashin keken kaya. Uwarta Mwanakombo kaɗai ta gani. Ta tsince shi, ta ƙulle a bakin zane.

Filin jirgin saman tsibirin Unguja ya cika maƙil. Turawan da rana ta gasa sun yi layi, ƙafafunsu duk yashi, ana ta kiran jirage. A cikin layin akwai Ettore, uban Tunu, wanda ya taɓa koya wa baƙi iyo a bakin tekun Nungwi. Ya dawo ne ya tafi da yarinyar zuwa Italiya a yi mata aikin zuciya. Bizar uwa ba ta fito ba.

Tun safe Mwanakombo ta zaunar da 'yar, ta yi mata kitso ƙanana, ta ja shi tamau. Can wa zai yi mata? So take ya kai har ranar dawowa.

"Ke, wannan kitso ne ko ɗinkin buhu?" in ji yayarta Mgeni, mai shara a zauren filin jirgin. "Dubi girar yarinya ta koma ƙeya!"

"Yaya, bar ni."

Mwanakombo ta miƙa wa Ettore kwalbar man kwakwa, ta kama yatsansa ta bi layin kitson da shi. "Nan za ka riƙa shafawa. Kar ka bari su aske."

"Na ji, Maman Tunu."

Daga ƙofa sai mai tikiti ke wucewa. Tunu ta rungume uwarta. "Mama, kaina."

"Zai saki, uwata. Daure."

Mwanakombo ta koma jikin gilashi tana hangen su. Ta ga an karɓe kwalbar wurin bincike, an jefa a kwando. Ta ga Tunu ta dafe kai tana kuka. Ettore ya durƙusa, ya yi ta lallashi, sannan ya sa manyan yatsunsa ya fara tsefewa a hankali. Kafin ya kai rabi yarinyar ta yi shiru, ta kwantar da kai a kafaɗarsa.

"Ai kin gani, yana tausayinta," in ji Mgeni. "Tsaya in ajiye tsintsiya mu sha shayi."

Da ta dawo, ba kowa a jikin gilashin. Can ta hango Mwanakombo tana ratsa motocin otal, ta nufi titi, hannunta riƙe da bakin zane.