Filasta a Ƙirjin Nazeefa

Mufida ta rasu tun kafin azumin bara, amma a shafin gidauniyar Hajiya Asta har yau tana raye. Tana kwance a gadon asibiti tana murmushi, Hajiya ta sunkuyo a kanta da mayafi mai walƙiya, a ƙasan hoton an rubuta cewa an ceto ta. Habiba, uwar yarinyar, ta daina buɗe shafin. Ba ta taɓa musun cewa gidauniyar ce ta ɗauki nauyin aikin zuciyar da aka yi wa 'yarta ba. Sai dai yarinyar ba ta daɗe ba bayan aikin, kuma ranar da aka kai ta makwancinta a Kurudu, Hajiya ta aiko da buhun shinkafa da saƙon a yi haƙuri, kada a sa maganar a waya tukuna.

Shafi'u, mijin Habiba, shi ne direban maigidan Hajiya. Wata Talata ya dawo da wuri, ya tsaya a bakin kicin ya kasa shiga.

"Madam za ta yi taron gidauniya ranar Asabar, manyan baƙi za su zo. Tana son Mufida ta hau dandamali."

Habiba ta ajiye ludayi. "Wace Mufida?"

Ya dubi tsakar gida inda Nazeefa, ƙanwar marigayiyar, take wasa da marafan kwalba. Shekara ɗaya ce tsakaninsu, kamarsu kuwa har maƙwabta sukan ruɗe.

"Abban Mufida, ka ji abin da bakinka ya faɗa?"

"Yini ɗaya ne fa. Oga da kansa ya yi mini maganar a mota. Mutanen da suka yi mana wannan alheri, da wane ido zan ce musu a'a?"

Nauyin alherin ne ya kai Habiba gidan Hajiya a Asokoro washegari, riƙe da hannun Nazeefa. Ta ce wa kanta za ta je ta ba da haƙuri baki da baki. Hajiya Asta ta tare ta da runguma, ta zaunar da ita kusa da ita, ba ta bar ta ta fara ba.

"Habiba ƙanwata, ba ƙarya za mu yi ba. Ai mun yi aikin, Allah ne ya karɓi abinsa. Amma in masu bayarwa suka ji ta rasu, hannunsu zai yi sanyi. Yara nawa ke jiran layi? Ki tuna da su, my dear."

Hawaye ya cika wa Hajiya ido. Ta ɗaga waya ta duba ko kwallinta ya ɓaci, ta gyara da ɗan yatsa. Maganar yaran da ke jira ta zauna wa Habiba a ƙirji.

Kafin nan Rukayyat, mai kula da hotunan gidauniyar, ta ja Nazeefa gefe da biskit, tana lallaɓa ta da gurguwar Hausarta. "Oya, yarinya mai kyau, faɗi mu ji. Sunana Mufida. Mommy Hajiya ya gyara mini zuciya." Nazeefa ta faɗa tana dariya, aka tafa mata, ta sake faɗa. Sai Rukayyat ta buɗe wuyan rigarta ta manna mata doguwar farar filasta a tsakiyar ƙirji, daidai inda ɗinkin Mufida yake, ta bar bakinta ya ɗan leƙo. "Kar a cire, Maman baby. Bari ya saba da shi kafin Asabar."

A gida Nazeefa ta hana a taɓa filastar. Da safe Habiba ta aike ta ɗauko tsintsiya a ɗakin Maman Israel, maƙwabciyarsu. Yarinyar da kullum a guje take zuwa, yau ta taka a hankali, a tsakiyar hanya ta tsuguna, ta haɗa gwiwa da ƙirji tana jan numfashi ta baki. Habiba ta san wannan tsugunon. Shekaru ta yi tana ganinsa duk lokacin da numfashin Mufida ya ɗauke, ba ta san ƙaramar tana kallo har ta haddace ba.

"Nazeefa."

Yarinyar ba ta waiga ba.

"Nazeefa, da ke nake."

Yarinyar ta ci gaba da jan numfashinta. Habiba ta ji ɗayan sunan ya taso mata har kan harshe, ta kuma san in ta kira shi za a amsa. Ta haɗiye shi. Ta je ta durƙusa a gaban 'yarta.

Yarinyar ta ɗago ta dube ta babu tsoro, kamar mai tambayar ranar Sallah. "Umma, in na gama zama Yaya Mufida, ni ma Abba zai naɗe ni a tabarma ya fita da ni?"

Habiba ba ta yi kuka ba. Ta ɗora ruwa a wuta, ta ɗauko man gyaɗa, ta zaunar da yarinyar a cinyarta. Ta riƙa shafa man a gefen filastar tana ɗagawa kaɗan-kaɗan don kada ta ji zafi, Nazeefa na mutsu-mutsu tana cewa Anti ta ce kar a cire. Da filastar ta fita, sai jan shatinta a kan lafiyayyar fata. Ta kama hannun yarinyar ta ɗora a wurin.

"Taɓa ki ji. Akwai ɗinki?"

"Babu."

"Babu wanda ya taɓa yanka ki. Ke Nazeefa ce, ƙalau kike."

Ta wanke ta, ta haɗa kaya a jaka guda, suka shiga motar haya zuwa ƙauyen mahaifiyarta. Sai da motar ta wuce Gwagwalada ta nufi Kwali sannan ta kira mijinta.

"Mun tafi Yangoji wurin Inna. Ka ce musu ni na gudu da ita ba da saninka ba, ka ɗora mini laifin duka."

"Kin san aikina zai iya tafiya?"

"Na sani. Ka yafe mini."

Sai ya tambaya ko yarinyar ta ci abinci.

Ranar Asabar da la'asar, tana taya Inna ɓarar gyaɗa, Shafi'u ya turo mata hoto ba tare da ko kalma ba. Hajiya Asta ce a dandamali cikin hasken fitilu, hannunta a kafaɗar wata yarinya da Habiba ba ta taɓa gani ba, bakin farar filasta na leƙowa ta wuyan rigarta. Habiba ta buɗa hoton da yatsu biyu tana duba gefe da gefe, ko za ta hango inda uwar take tsaye. Ba ta gan ta ba.

A bayan danga Nazeefa na bin 'yan awaki. Inna ta ɗaga murya ta kira ta da sunanta. Gudun ya tsaya. Habiba ta riƙe ƙwayar gyaɗar da ke hannunta, ta kasa kunne.

"Na'am," in ji yarinyar, bayan ɗan jinkiri.